Daga Tabarmar Asusu: Maganin Gidanmu Yana Makiyaya, Mu Ci Riba Mu Bar Uwar Kuɗi

Ƴan'uwana mata, ƴan asusun Jiratawa da ƙauyukan kewaye, da na Tibiri, da na unguwannin Maraɗi da takardar nan ke isa hannunsu. Kamar yadda muka saba, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran bayan an gama zubi an rufe akwati.

Zancen wanga wata na maganin gida ne, da wurin da yake tsira.

Bari in fara da tambaya, kowa ta amsa a ranta. In aka yi haihuwa a gidanku, ina ake samo sabarar da ake dafawa ta wankan jego? In ana bukatar bagaruwa, ko geza, ko sassaƙen kalgo, ko saiwar malga, wa ke zuwa nema, kuma tafiyar ta kai ina? Ku tambayi su Inna da su Kaka da ke zaune cikinku. Za su ce muku a da yarinya ake aikawa bayan gari, kafin ruwa ya tafasa ta dawo. Yau galibi sai an kwance bakin zane an ba mai magani a kasuwa. Wani iccen ma, irin su hano da tsada da marke, ƴammatanmu da yawa sunan kawai suka sani, ba su taɓa ganin shi tsaye ba.

Kuɗin da ke fita ta nan ba a rubuta shi a littafin kowa. Dala ashirin yau, dala hamsin gobe. Amma daga aljihun da zubi ke fitowa yake fita.

Ina maganin yake tsira?

Mafi yawan itatuwa da tsirran da muke magani da su ba a gona aka shuka su ba. Suna makiyaya, suna bakin burtali, suna fako da gefen gulbi, suna daji irin na Baban Rafi da ke can kudu da mu. Wato suna ƙasar da ba ta mutum ɗaya ba. Nan matsalar take. Gona tana da mai ita, in ka taɓa gawonsa sai ka gan shi gaban mai gari. Makiyaya kuwa ta kowa ce, kowa na ɗiba, ba mai mayarwa.

Abubuwa uku ke cinye ta.

Na farko, filin kansa yana raguwa. Mutane sun yi yawa, gonaki sun matso, kowace shekara ana ɗan tura kunya ɗaya cikin burtali. Birnin Maraɗi kuma yana ta faɗi, ana yanka filayen gini ta wajenmu da ta wajen Tibiri. Bisashen da a da ke warwatse a fili mai faɗi yanzu sun taru a ɗan abin da ya rage. Tsiron da ya leƙo sai a cinye shi, ƙasa ta sha tattaki ta daskare ta zama fako, ruwan sama ya zuba ya wuce bai shiga ba.

Na biyu, garmani. Duk wadda ta bi burtali da damina ta ga shi, ya rufe ko'ina kamar an shuka, kore shar. Baƙo zai ce makiyayar nan ta yi albarka. Mu mun san bisashe ba su damu da shi ba. Suna cinye ciyawar kirki su bar shi, shi kuma ya yi ɗiya ya zubar, ɗiyan su bi sawun garke zuwa gaba. Inda ya yi ƙarfi, kyasuwa da gadagi da gamba sai su ja da baya, haka ƙananan tsirran magani irin su filasko da nonon kurciya. Masana a cibiyar binciken noma ta INRAN da ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna kokawa da shi a jihar Maraɗi.

Na uku, yadda ake ɗibar maganin. Ku dubi madacin da ke bakin hanya, ku ga yadda aka feƙe shi har iyakar inda hannu ke kaiwa. Ku dubi inda aka tono malga, rami ne kawai ya rage. Mai neman buhu ya kai kasuwa ba ya tunanin baɗi.

Me ya sa icce ke mutuwa in an zagaye shi da sassaƙa?

Wannan ya kamata kowace mace ta sani, ta kuma gaya wa ɗanta da take aikawa da gatari. Ganye ne ke dafa wa icce abinci da hasken rana. Abincin yana sauka zuwa saiwa ta wani siririn layi mai danshi da ke manne a cikin ɓawo. In an sassaƙi gefe ɗaya, abinci ya bi ta ɗayan gefen, ciwon kuma ya warke sannu a hankali. In aka zagaye gindin duka, an yanke hanya ke nan. Iccen zai tsaya da ganyensa kamar lafiya lau, wata da watanni, alhali saiwa na mutuwa da yunwa a ƙasa. Ranar da ya bushe sai a ce fari ne, ko a ce iska ce. Gatari ne.

Madaci ko kirya sai sun shekara da yawa kafin su zama abin da za a kira icce. Ana iya kashe su da hantsi ɗaya.

Darasin sassabin zamani

Kada wata ta ce ai abin ya fi ƙarfinmu. A nan jihar Maraɗi aka nuna wa duniya cewa ƙasar da ta mutu tana tashi. Wajen 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke da rai a ƙasa. In aka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, sai icce ya tashi da sauri fiye da na dashe, don saiwarsa ta riga ta kai ga ruwa. Bayan yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, manoma suka kama abin. Shi ne sassabin zamani. Garuruwa irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka yi suna a kansa, har da kwamitin tsaron itatuwa da mata ke ciki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da fili kamar hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200. A 2018 aka ba Tony Rinaudo babbar kyauta a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

To amma ku lura da inda itatuwan nan suka tashi. A gonaki suka tashi, inda kowane icce ke da mai kishinsa. Makiyaya da burtali an bar su baya. Aikin da ya rage ke nan, kuma ina ganin ƴan asusu sun fi kowa sanin yadda ake yin shi.

Ga dalilina. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar nan a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, me muka koya? Mun koyi riƙon dukiyar da ba ta mutum ɗaya ba. Kuɗin akwati na kowa ne, amma ba ya ɓata, saboda akwai doka da muka yanka da bakinmu, akwai masu makulli, akwai mai rubutu, akwai tara ga wadda ta saɓa, kuma komi a gaban kowa ake yin shi. Tsarin da aka fara a ƙauyukanmu yau ana bin shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Makiyaya ma akwati ce. Icce shi ne uwar kuɗi. Ganye da ɗiya da ɗan sassaƙen da zai warke su ne riba. Ba mu taɓa yarda wata ta kwashe uwar kuɗi don tana da biki ba.

Kuma kada mu manta, yawancinmu bashin asusu akuya muke saye da shi, ko rago na turka. Jar akuyar Maraɗi da ake yabo har ƙasashen waje, a makiyayar nan take ci. Ɗiyan kalgo da na bagaruwa da na gawo su ke riƙe ta da rani. In makiyaya ta mutu, sai mun sayi dusa da harawa da tsada, ribar kiwon ta tafi. Su awakin kuma, in an sake su ba mai dubawa, su ne kan gaba wajen cinye ɗan tsiron da zai zama iccen gobe. Kowace mai akuya tana da hannu a ciki, ta kuma fi kowa riba in an gyara.

Dokokin ɗiba

Ga abin da nike ba kowace ƙungiya shawara ta karanta, ta tattauna, ta mayar da shi dokarta.

1. In ganye zai yi maganin, kada a taɓa sassaƙe. In sassaƙe zai yi, kada a taɓa saiwa. Ku tambayi ungozoma da tsofaffi, sau da yawa sun san ganyen da ke maye gurbin saiwa.

2. Sassaƙe a yi shi a tsaye, siriri, a gefe ɗaya, a babban icce. Kada a zagaye. Kada a koma wa iccen da ciwonsa bai rufe ba. Ƙaramin icce da bai kai kaurin cinya ba a bar shi.

3. Saiwa a ɗauki ta gefe, ɗaya ko biyu, a bar uwar da ta nutsa ƙasa. A mayar da ƙasa a rufe ramin, a taka.

4. Ganye a tsinka, ko a yanki ƙananan rassa da wuƙa mai kaifi. Kada a sare kan icce, kada a tsige shi tas.

5. Tsirran da ke fitowa da damina, irin su filasko da tafasa, kada a tumɓuke su duka. A bar wasu su yi ɗiya su zubar. Haka ɗiyan bagaruwa da aduwa da magarya, a bar wa ƙasa rabonta.

6. A ɗebi abin da ake bukata. Abin da aka ɗebo a shanya shi a inuwa, bisa tabarma mai tsabta, inda iska ke shiga, ba a ƙasa ba inda kaji da awaki ke bi. In ya bushe ƙarau a zuba a kwalba ko tulu mai marfi. Rabin abin da ke sa a koma daji da wuri, lalacewa ne: ya yi fumfuna an zubar.

Ku sani kuma, madaci da kirya da gawo da aduwa da tsamiya da kuka suna cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare. Mai kashe su yana iya gamuwa da hukuma.

Aikin da ƙungiya za ta iya yi bana

Na ɗaya, ƙidaya. A zama ɗaya, bayan zubi, a ba tsofaffi baki. Su faɗi sunan kowane icce da tsiron magani da suka sani a ƙasar garinku, da inda yake, da abin da ake yi da shi. Mai rubutu ta raba shafi uku: wanda ke nan da yawa, wanda ya yi wuya, wanda ya ɓace. Wannan ba ya cin ko dala. Tsohuwa ɗaya in ta rasu da abin da ke kanta, ba mai dawo muna da shi. In da hali ku gayyato matan Fulani da ke kawo nono. Sun fi mu sanin abin da ke cikin daji, da wanda ke maganin bisashe, da inda ragowar wani icce ya ɓuya.

Na biyu, a bi ta ƙofa. Makiyaya da burtali ba a mallakarsu. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tsare su don amfanin jama'a, ba mai ikon shinge su ya ce nashi ne, ko mutum ko ƙungiya. Saboda haka kada wata ƙungiya ta tashi da ƙarfin hali ta kafa ƙaya a hanyar shanu, rigima za ta jawo. A fara da mai gari. A je ga kwamitin kula da filaye, wanda ake kira Kofo, akwai na gari akwai na komin, kuma doka ta ba mata kujera a ciki. Ku bincika wace ce wakiliyarku, in ba ta zuwa zama ku tambayi dalili. A sanar da ma'aikacin gandun daji. A zauna da arɗo da masu kiwo tun kafin a sa hannu a ƙasa. Abin da za a nema shi ne yarjejeniya a rubuce: wane yanki za a huta da shi, har tsawon wane lokaci, ta ina bisashe za su bi, wa zai yi tsaro, nawa ne tara. Abin da aka yanka da makiyayi a zaune, shi zai taya ku tsaronsa. Abin da aka yanka a bayansa, ranar farko zai rushe.

Na uku, gayyar garmani. Lokacinta shi ne bayan ya fito ya yi tsawon da hannu zai kama, kafin ya yi fure ya ɗaura ɗiya, wato tsakiyar damina, ƙasa na da laushi. A tumɓuke shi da saiwa. In an bari sai ya zubar da ɗiya, aikin banza aka yi. Kuma kada a bar wurin tsirara, shi zai dawo. A watsa irin kyasuwa da gamba da sauran ciyawar da bisashe ke so, wanda aka tara tun kaka. Shekara ɗaya ba ta isa, don ɗiyansa na kwance a ƙasa. A ɗauki ɗan yanki da za a iya, a maimaita shekara biyu, uku. Da a kama fili mai faɗi a gaji, gara ɗan kaɗan da za a riƙe.

Inda ƙasa ta zama fako, a haƙa rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki, a shuka ciyawa da icce ɗaya a ciki. Da yawanmu mun yi wannan aikin a furoje ana biyanmu. Hannun da ya iya don kuɗi ya iya don kansa.

Na huɗu, sassabin zamani a makiyaya. Duk inda kuka ga sabara ko kalgo ko geza na toho daga kututture, a rage rassan a bar masu ƙarfi, a ɗaura ƙyalle don a san mai kula gare shi. Kada ku raina sabara. Bincike da aka yi a Senegal ya nuna saiwarta na jawo ruwa daga can ƙasa da dare, ta jiƙa ƙasar sama, har hatsin da ke kusa da ita ya amfana lokacin da ruwa ya ɗauke. Tana tare ƙasar da iska ke kwashewa, ganyenta ya zama taki.

Na biyar, a rage wa daji nauyi. Mu ƴan Jiratawa ba a koya muna wannan. Zogalen da ke fita daga fadamarmu zuwa kasuwannin Maraɗi da gaba, ai shuka shi muke yi, ba mu jira daji ya ba mu ba. Abin da aka yi wa zogale ana iya yi wa wasu. Ɗiyan bagaruwa da na kirya suna da ƙwarya mai tauri, sai a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ko a tsinto waɗanda suka bi ta cikin akuya a turke, su sun fi saurin fitowa. Hano da dashi reshe ake yankawa a kafa, ya kama. Kowace mace ta riƙe leda biyar a bayan ɗaki, tana ba su ruwan alwala da na wankin hatsi. Ƙungiya mai mata talatin ta samu ɗari da hamsin ke nan. In aka fara da wuri, wasu za su isa dashe ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa. Amma dashe ba shi ne aikin ba, tsaro ne. Kowane icce a ba shi uwa da sunanta a littafi, a kuma kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya.

In ƙungiya ta ga dama, ta ware wani abu kaɗan daga kuɗin tara ko na taimako don sayen leda da igiya, da ɗan goro ga mai tsaro. A rubuta shi kamar kowane kuɗi, a karanta a gaban kowa.

Jan kunne

Kada wata ta fahimce ni a karkace. Tsare itatuwan magani ba ya nufin a zauna gida da marar lafiya. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko yake zawo ba tsayawa, ko ya fara sanƙarewa, likita za a kai shi a ranar, ba sai an gwada jiƙo kwana uku ba. Maganin rigakafin masassarar cizon sabro da ake rabawa yara da damina, a karɓa a ba su yadda aka ce. Mai ciki kada ta sha saiwa ko sassaƙen da ba ta sani ba, ko wa ya ba ta, ta je awo. Jinjiri kuma nonon uwa ya ishe shi har wata shida, ba a ɗura mashi bauri. Icce na da amfani, yana kuma da ƙarfi, abin da ke warkarwa in ya yi yawa yana cutarwa. Mu riƙe na gida a inda ya dace, mu riƙe na likita a inda ya dace.

Abin da nike roƙo kafin fitowa ta gaba ɗaya ne: kowace ƙungiya ta yi zaman ƙidayar nan, ta ba mai zagayawa takardarta ya kawo muna. In sun taru za mu buga sunayen itatuwan da suka yi wuya gari da gari, don wadda ke da irin wani ta san wadda ke nema, a yi musaya. Ƙungiyar da ta riga ta zauna da mai gari ko da Kofo, ta gaya muna yadda aka kwashe, daɗi ko akasi, sauran su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba manomi da makiyayi da fitina, ya sa wa asusunmu albarka. A gaida mutan gida. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.